Tashi Daga Gidan Haya: Me Za a Ɗauka, Me Za a Bari?



Yau ina so ne mu ɗan taɓa wani hali namu. An kafa unguwar Sabo ta Ibadan tun 1916, wato sama da shekara ɗari ke nan, amma har gobe za ka ji dattijon da aka haifa a nan yana cewa "in na koma gida". Wannan magana ita ke hana da yawanmu dasa ko da barkono a tsakar gida, wai don gidan haya ne. To ni dai tashin da muka yi daga Sabo zuwa wajen Ojoo ya nuna mini cewa lissafin nan bai fita ba.

Mai gidanmu ya sayar da gidan, aka ba mu wa'adin wata shida kamar yadda ake ba mai biyan hayar shekara. Wata shida kamar da yawa, amma sai da aka fara fito da kaya muka san abin da shekara goma sha huɗu ta tara.

Na farko kayan jeren Inna. Duk wanda ya taso a gidan Bahaushe ya san langa da kumbo da samira da ake jerawa a kabad, ba a ci a ciki, sai dai a goge a mayar. Baba ya ce a kira masu sayen tsofaffin ƙarafa a rage nauyi. Inna ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Malam, wannan saitin da shi aka kawo ni daga Kano." Shi ke nan magana ta mutu. Muka naɗe kowane kwano da tsohon zani, ƙanana cikin manya, murafe daban, madubi da hotunan bango kuma aka sa su a tsaye tsakanin katifu biyu. Wanda zai tashi ya riƙe wannan: kwanon fenti in ya bugu ya ɓare, tsatsa ce za ta biyo baya.

Na biyu lambun bayan ɗaki. Inna tana da yakuwa da rama da barkono a cikin buhunan da aka cika da ƙasa, sai lalle da bishiyar zogale guda biyu a ƙasa. Na cikin buhu ba su ba mu wahala ba, mun daina ba su ruwa kwana biyu kafin tashi don kada buhu ya yi nauyi, muka loda su a ƙarshe a bayan a-kori-kura. Zogale kuwa ba a tumɓuke shi. Reshe mai kauri ake sara, kamar kamu biyu, a kafa a sabon wuri, tunda damina a nan tana kamawa tun Maris ko Afrilu, ba ya jimawa yake tofowa.

Uwar bishiyar kuma fa? Maƙwabciyarmu Bayerabiya, wadda ta daɗe tana tsinkar ganyen, ita Inna ta bar wa amana. Ita kuma ta karyo mata rassan shuwaka, wadda suke kira ewuro, ta ce, "Iya, ki dasa a can don ki riƙa tuna ni." Ita ma shuwaka reshenta ake kafawa. Ranar na ga matan nan biyu, da ke cakuɗa Hausa da Yarbanci a hirarsu, suna share hawaye a kan itace.

Na uku shi ne wanda ya fi ƙanƙanta ya kuma fi tsada: takardu. Alƙur'anin Baba a gafakarsa, rasiɗin haya, takardun makarantarmu, da littafin bashin kasuwa. Waɗannan bai yarda sun hau mota ba, a jaka ɗaya ya rungume su. Yana da dalili. A rikicin kasuwar Shasha na Fabrairun 2021, mutanenmu da dama sun fita daga su sai kayan jikinsu. An sake sayen tukunya da tabarma, amma wanda littafin bashinsa ya ƙone, sai dai ya dogara da tsoron Allah na waɗanda yake bi. Tashi iri biyu ne, na shiri da na gudu, kuma ba a sanar da mutum wanne ne zai zo masa.

Wani zai ce ai wannan ma hujja ce ta ƙin shuka. Ni ban gani haka ba. Takardunka ka haɗa su wuri guda kamar matafiyi, amma ƙasar da kake kwana a kanta ka riƙe ta kamar ɗan gari. Mai gida zai iya karɓe ɗakinsa, amma ba zai karɓe miyar da aka sha shekara da shekaru ba, balle zumuncin da ganye ya ƙulla. Abin da ka ɗauka zai tsiro a gaba, abin da ka bari kuma wani zai ci ya sa maka albarka.

Allah Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ya ba kowa nasa muhallin. Sai mun sake haɗuwa.