In Kiɗa Ya Sauya: Tunani a Kan Karatun Tarihin Kiɗa a Jami'a

Hausawa kan ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Mun saba jawo wannan karin magana a zancen siyasa ko na kasuwa, har mun manta da abin da ya fara faɗa, wato kiɗa yana sauyawa. Duk abin da ke sauyawa kuwa yana da jiya, yana da shekaranjiya, yana da tarihi ke nan. Amma da zarar an zo maganar kalangu ko goge ko kakaki a makarantunmu, sai mu tattara su mu zuba cikin buhu guda, mu rubuta masa "gargajiya", kamar haka aka same su tun farkon duniya. Wannan kalma ta gargajiya, duk da girmamawar da ke cikinta, ita ce ta hana mu tambayar yaushe aka fara, wa ya fara, daga wajen wa ya koya, me ya sauya bayansa.

Ni malamin Faransanci da Hausa ne a makarantar sakandare, yau kusan shekara 20. A cikin waɗannan shekaru na taɓa samun zuwa ƙaro ilimi wata jami'a ta ƙasar Faransa, kuma da yake ana barin ɗalibi ya zauna wasu darussa na ganin dama, sai na zaɓi na tarihin kiɗa. Malamar da ke koyar da mu tana da wata al'ada: takan sa mana faifai na minti biyu ba tare da ta faɗi sunan mai shi ba, sa'an nan ta ce kowa ya rubuta ƙarnin da aka tsara shi, da ƙasar, da dalilinsa na faɗin haka. Yara ƴan shekara 19 sukan saurara su ce wannan na farkon ƙarni na 18 ne, daga Jamus, domin ga irin kayan kiɗan, ga yadda muryoyin ke bin juna. A wannan aji na gane cewa sauti ma yana da shekarun haihuwa, kuma ana iya horar da kunne ya karanta su kamar yadda dillalin shanu ke karanta shekarun sa a haƙoransa.

Abin da ya ba Turawa wannan dama shi ne rubutu. A farkon ƙarni na 11 wani malamin majami'a a Italiya, Guido d'Arezzo, ya daidaita hanyar rubuta sauti a kan layuka, ta yadda mawaƙi zai iya rera abin da bai taɓa ji ba. Tun daga nan kiɗansu ya riƙa kwana a takarda. Bach ya rasu a 1750, wasu manyan ayyukansa suka daɗe ba a jin su, sai a 1829 wani saurayi mai suna Mendelssohn ya ɗauko ɗaya daga cikinsu ya sa aka yi shi a birnin Barlin, aka ji shi kamar jiya aka tsara. Saboda haka lokacin da aka kafa nazarin kiɗa a jami'o'in Turai cikin ƙarni na 19, a kan takarda aka kafa shi, kuma kiɗan da ba shi da takarda aka bar shi a ƙofar zaure.

Na'urar ɗaukar murya ce ta shigo da shi. Edison ya ƙera ta a 1877, a 1900 kuma aka buɗe taskar adana muryoyi a Barlin. Wajen 1906 Béla Bartók, makaɗin ƙasar Hangari, ya shiga ƙauyukan ƙasarsu da na'ura yana ɗaukar waƙoƙin manoma da tsofaffin mata, har a 1913 ya ƙetaro zuwa Biskra ta Aljeriya don irin wannan aiki. Daga nan fagen ya rabu ɗaki biyu. Ɗaki guda na tarihin kiɗa ne, inda ake jera sunaye da shekaru, mafi yawa na Turai. Ɗaya ɗakin na nazarin kiɗan al'ummomi ne, inda ake bayyana yadda wata ƙabila ke kiɗa, sau da yawa ba suna ba shekara. Masana irin su Kwabena Nketia na ƙasar Gana, wanda ya wallafa The Music of Africa a 1974, sun yi aiki tuƙuru wajen rage wannan rata. Abin da ke damuna shi ne mu da kanmu mun amince da zama a ɗaki na biyu, alhali muna da abin shimfiɗawa a na farko.

Dubi kakaki. Tarihin Kano da aka rubuta ya lissafa shi cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa ya shigo da su, kuma Rumfa ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Ashe akwai zamanin da fadar Kano ba ta san kakaki ba, akwai kuma ranar da aka fara busa shi mutane suka ji baƙon sauti. Algaita ma sunanta ya tona asalinta, domin ghaita ake kiran ƴar'uwarta a ƙasashen Magrib, kuma hanyar da ta biyo ita ce ta ayarin fatake masu ƙetare Sahara. Jihadin da ya fara a 1804 ya zo da muhawarar malamai a kan kiɗan da ya halatta da wanda ya haramta, har Veit Erlmann ya rubuta littafi guda a kan wannan a 1986. A dalilin wannan jihadi ne sarakunan Katsina na dauri suka kafa zama a Maraɗi, na Gobir kuma a Tsibiri. Duk ɗalibin da ya zauna ya kwatanta taken da ake kaɗa wa sarki a Maraɗi da wanda ake kaɗawa a Katsina, ya samu batun digiri wanda zai amfani masana tarihi kafin ma makaɗa. Sai kuma zamanin rediyo, wanda ya fitar da mawaƙi daga ƙofar ubangidansa ya kai shi kunnen wanda bai taɓa ba shi ko goro ba. Sai zamanin samariya da bukin matasa na ƙasa a mulkin Seyni Kountché, tsakanin 1974 da 1987, lokacin da aka ɗora kiɗan ƙauye a kan dandamali ana ba shi maki. Sai kaset, sai fiyanon finafinan Kano daga shekarun 1990, sai wayar hannu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya taɓa tsawon waƙa, da wanda ake yi wa ita, da wanda ke biyan mai yin ta.

A aikina na kullum nake ganin wannan giɓi ƙuru-ƙuru. Da safe in na shiga aji da Faransanci, kowace waƙa tana zuwa da sunan mai ita da shekararta: ga Ronsard a ƙarni na 16, ga Victor Hugo a na 19, ga abin da ya raba su. In na koma darasin Hausa kuwa, sai in rubuta waƙar baka a allo, baiti bayan baiti, inda ƴan amshi suka karɓa in rubuta "amshi", shi ke nan. Kotson Narambaɗa ba ya hawa allo, haka kalangun Shata, haka kuntigin Ɗan Maraya. Abin da muke nazari rabin waƙa ne, kamar wanda aka ba fatar rago aka ce ya faɗi ɗanɗanon naman. Alhali Hausa harshe ne mai karin sauti, kuma kalangu yana bin hawa da saukar murya har ya faɗi magana, shi ya sa mahauci kan ji takensa daga nesa ya san da shi ake. Manomi yana da gangarsa ta noma, ɗan dambe da ɗan kokawa suna da nasu kiɗan, mata suna da shantu da ƙwarya a cikin gida. Wanda ya iya karanta waɗannan ya iya karanta tsarin sana'o'i da matsayin mutane a ƙasar Hausa ta da, abin da ba kowane littafi zai ba shi ba.

Kada mai karatu ya ɗauka fili ne da ba a taɓa sa masa fartanya ba. A farkon shekarun 1960 Tolia Nikiprowetzky ya zagaya Nijar yana ɗaukar kiɗa, aka fitar da faya-fayansa a Faransa. A 1971 David Ames da Anthony King suka wallafa ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya kammala digirinsa na dakta a Amurka a kan Mamman Shata, tun Shata yana raye yana tashe. Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ta Kano ya rubuta Makaɗa da Mawaƙan Hausa, kuma da Hausa ya rubuta shi. Erlmann da Habou Magagi sun fitar da littafi a 1989 a kan girkar bori a yankin Maraɗi, Mahaman Garba kuma ya yi nasa digirin a Faransa a kan kiɗan Hausawan Nijar. A Yamai akwai cibiyar IRSH da ta CELHTO, inda aka tara muryoyin magabata, akwai kuma cibiyar koyar da kiɗa mai sunan Elhaji Taya. Rumbun ba fanko ba ne. Sai dai mafi yawan abin da ke ciki da Ingilishi ne ko Faransanci ko Jamusanci, kuma yana nesa da hannun malamin da ke koyarwa a Madawa ko Magarya. Ɗalibin da zai karanta tarihin kiɗa a jami'a, babban aikinsa shi ne ya zama gada tsakanin wannan rumbu da allon aji.

In ana neman shaidar cewa abin na gaggawa ne, labarin Malam Maman Barka ya isa. Malamin makaranta ne kamarmu, ya yi suna da gurumi. Da ya ji labarin biram, kayan kiɗa mai tsirkiya biyar na Buduma masunta na Tafkin Cadi, kuma ya ji saura tsoho guda da ya iya shi sosai, wato Boukar Tar, sai ya samu tallafin UNESCO a 2002 ya tafi ya zauna gabansa ya koya. Tsohon ya rasu ba da daɗewa ba, Maman Barka ya zagaya duniya da biram, shi ma ya rasu a 2018. Tsakanin biram da ɓacewa ƴan shekaru ne kawai, da niyyar mutum guda. A Turai takarda ta jira Mendelssohn shekaru da dama, mu kuwa takardarmu hannun tsoho ce, ba ta jira.

Na san abin da ke tsaye a hanya, domin na sha jin sa daga bakin iyayen ɗalibai. A wurinmu kiɗa gado ne, kuma roƙo sana'a ce da ake jin daɗinta ana raina mai ita. Yaron da ya ci jarrabawar bakaloriya ya ce zai karanci kiɗa, tambayar farko da zai sha a gida ita ce, duk wannan wahala don ka zama maroƙi? Wasu kuma ta fuskar addini suke dubawa, kuma damuwarsu ba abin wasa ba ce. Amsar da nakan bayar ita ce, mai nazarin tarihin yaƙi ba ya harbin kowa. Wanda ya karanta tarihin kiɗa zai karanta har da hujjojin malaman da suka hana shi, ya san lokacin da suka faɗa da dalilinsu. Ban da haka, al'ummar da ta sa wa babbar gasar kiɗanta sunan Ɗan Gurmu na Tawa, wadda kuma ke jin tarihin sarakunan Damagaram a bakin Ma'azu Ɗan Alalo, bai kamace ta ba ta ji kunyar ɗanta don ya zauna ya yi nazarin waɗannan mutane. Maganar abinci kuwa, gaskiya ce ƙofofin ba su da yawa: koyarwa, gidajen rediyo, gidajen tarihi, taskokin adana muryoyi. Duk malamin da ya ba ɗalibi shawara ya faɗa masa haka ƙarara, ya kuma nuna masa cewa ana iya shiga fagen ta sashen tarihi ko na harsuna.

Sauran magana tamu ce, ƴan'uwana malamai da shugabannin ƙungiyoyin al'adu. Jami'a ba ta gina tarihi da iska, sai da abin da aka tara mata, kuma tarawar ba ta bukatar digiri. Wayar da ke aljihun kowannenmu ta fi na'urar Bartók nesa ba kusa ba. Abin da ake bukata shi ne ladabin masu tarihi. In an ɗauki makaɗi, a nemi izninsa, a ba shi hakkinsa, a rubuta sunansa da garinsa da ranar da aka ɗauka, da sunan kayan kiɗan da na wanda ya ƙera shi. A tambaye shi wajen wa ya koya, shi kuma wancan wajen wa, har inda tunaninsa ya tsaya. A tambaye shi abin da ubansa ke kaɗawa wanda shi ya daina, domin a nan tarihin yake. A ajiye kwafi a makaranta, a ajiye wani a gidan al'adu na gari. Tsofaffin kaset da ke cikin akwatunan iyayenmu a juye su tun zafi da ƙura ba su gama da su ba.

A aji kuma, kafin a rubuta baiti a allo, a bar yara su ji waƙar da kiɗanta, sa'an nan a tambaye su ta wane zamani ce, kuma da me suka gane. Kakanninsu sun iya wannan ba tare da sun shiga lakwal ba, domin tsohuwa a Tawa takan ji kiɗa ta ce wannan na zamanin Diori ne, kuma ba ta cika kuskure ba. In ajin sakandare 10 a Maraɗi da Damagaram da Tawa suka riƙe wannan aiki shekara 5, ɗalibin da zai tafi jami'a karatun tarihin kiɗa zai tafi da guzurinsa daga gida. Allah ya ba mu ikon farawa tun masu kiɗan suna tare da mu.