WA ZAI YI WA GOGGO SHAIDA?

Yau labarin wata takarda zan ba ku, wadda ta hana ni barci kwana biyu.

Goggona, watau ƙanwar mahaifina, tana zaune a Jakara, kusa da Kasuwar Kurmi. Tana da shago guda a ƙofar gidanta, gadonta ne. Da ciwo ya kama autanta, likita ya ce sai an yi aiki, ba ta da abin kamawa sai shagon nan. Wani alhaji mai sayar da yadi ya yarda ya ba ta rance, ita kuma ta jinginar masa da shagon shekara biyu. Aka rubuta takarda da Turanci. Saura shaidu.

Na zaci abu ne mai sauƙi. Ashe ba haka ba ne! Babban ɗanta ya ce zai sa hannu, mai unguwa ya ce a'a, a shari'a ɗa ba ya yi wa uwarsa shaida. Muka je wurin kafintan da ke maƙwabtaka da ita, ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri. Ban taɓa tsayawa gaban alƙali ba, ba kuwa zan fara da furfura ba." Wani ya ce sai bayan La'asar, ba mu sake ganinsa ba.

Sai Alhaji ya ce kada mu wahalar da kanmu, ga yaransa biyu na shago. Goggo har ta miƙa babban yatsa za ta dangwala. To, ku duba fa. Yaron da ke cin tuwon mutum, ran da rigima ta tashi, bayan wa zai bi?

Na ce, "Goggo, bari in karanta miki tukuna." Ta ce, "'Yar nan, ai Alhaji ya riga ya gaya mini abin da ke ciki." Na dai karanta, ina fassarawa layi layi, kamar yadda nake yi wa 'yan ajina. Can ƙasa sai ga wani sharaɗi, wai in wa'adi ya cika ba a biya ba, shago ya zama na Alhaji. Goggo ta janye yatsanta. Alhaji ya rantse magatakarda ne ya kwafo daga wata tsohuwar takarda, ni ma ina kyautata masa zato. Amma da an dangwala, da shi ke nan.

Washegari muka koma wurin mai unguwa, ya aika aka kira liman. Liman ya ce a mazhabar Malikiyya wannan sharaɗi ba ya inganta. In an kasa biya, sayar da kayan jingina ake yi, mai bashi ya ɗauki haƙƙinsa, a mayar wa mai kaya saura. Ya tuna mana ayar bashi ta Suratul Baƙara, aya ta 282, inda aka yi umarni a rubuta bashi, a kafa shaidu maza biyu, ko namiji ɗaya da mata biyu, aka kuma hana shaidu ƙin zuwa in an kira su. Kafinta yana wurin, ya sunkuyar da kai. Mai unguwa kuma ya ja kunnenmu, ya ce tun dokar filaye ta 1978 jinginar gida tana bukatar amincewar hukuma, kada mu tsaya a zaure kaɗai.

Aka soke sharaɗin, aka sake rubutu. Liman ya sa hannu, kafinta ma ya sa, hannunsa yana rawa. Ni kuwa na rubuta a ƙasa cewa na karanta wa Goggo da Hausa kafin ta dangwala, na sa sunana da unguwarmu, domin haka doka ta ce a yi wa wanda bai iya karatu ba.

Kowa ya karɓi kwafinsa. Na Goggo yana cikin adaka, ƙarƙashin zannuwanta. Kafinta kuwa, duk sa'ad da na wuce sai ya tsai da ni, ya ce, "Malama, ba a dai kawo sammaci ba ko?"