"Me Ya Sa" da "Don Me"

Bahaushe yana da tambaya biyu da muke ɗauka ɗaya ce: "me ya sa" da "don me". A Faransancin da muka koya a lakwal duk kalma guda ce, amma ku duba ginin kowace. "Me ya sa" tana ɗauke da aikatau "sa": wane abu ne ya tura wannan ya faru? Baya take kallo, sanadi take nema. "Don me" kuwa gaba take kallo: da wace manufa, amfanin wa? A baki muna cakuɗa su, ba mai kama mu da laifi. Ni dai tun da na shiga karatun kimiyyar harshe na kasa daina raba su, don a tsakaninsu bangaskiyata take zaune.

Ni Kirista ne, ɗan Damargu. In na faɗi haka a ɗakin kwanan ɗalibai sai wani ya ce, "Kai, ashe akwai ku can?" Akwai mu mana, ba yawa. Ranar Lahadi benci kaɗan sun ishe mu.

Ran Juma'a 16 ga Janairun 2015 zanga-zanga ta tashi a Damagaram saboda zanen da jaridar Charlie Hebdo ta buga a Paris. Aka ƙone majami'u da shagunan Kiristoci da cibiyar al'adu ta Faransa. Washegari Yamai ta kama, ƴan sanda suka ce majami'u 45 aka sa wa wuta a birnin. Mutum 10 suka mutu a garuruwan biyu. Kiristoci da dama a barikin soja suka kwana. Ina da shekara 12 lokacin, ina Tanut, mun kewaye salular Baba muna jiran muryar gwaggona da ke zaune a Damagaram. Ta tsira. Wani maƙwabcinta Musulmi ne ya shigar da ita ɗakin matarsa, ya zauna a bakin zaure har dare. Keken ɗinkinta da atamfofin mutane duk suka zama toka. Matar da ko karanta Faransanci ba ta iya ba, balle ta ga jaridar.

"Me ya sa" ta wannan rana tana da amsa. Zanen ya ɓata ran Musulmi, mu ma ba mu ga abin yabo cikinsa ba. Shugaba Mahamadou Issoufou ya je tattakin Paris ran 11 ga watan, mutane suka fusata. Ga samari ba aikin yi, ga tsohon tunanin nan cewa Kirista yaron Nasara ne. Ka jera su, lissafi ya fita. Amma don me? Me tokar keken gwaggo ta gyara a duniya?

Kada ku ce kukan Kiristoci kaɗai nake yi. Damargu da ake kira rumbun hatsi ta sha yunwar 1973 zuwa 1974, ta sha ta 1984 wadda tsofaffi ke kira El Buhari. A 2004 fari biyu suka haɗu mana, na rashin ruwa da masu fiffike (a rubuce ɗaya suke, tsawon wasali da karin sauti ke raba su, ku gafarce ni, halin sana'a ne). Shekarar da ta biyo, akwai hatsi a kasuwa, kuɗin tiyar ne ya fi ƙarfin talaka. Daga Tanut har Belbeji yunwa ba ta tambayi kowa inda yake sujada ba. Yaran da aka binne mafi yawansu ɗiyan masu salla biyar ne.

Abin da ake ba mu kullum shi ne "yi haƙuri". Ku lura, umarni ne, kuma wanda aka cuta ake ba shi. Abokaina su ce ƙaddara ce, a majami'a a ce gwaji ne, kowa ya kawo Ayuba shaida. To na zauna na karanta littafin Ayuba, sura 42. Jama'a, mutumin nan gardama ya yi! Ya la'anci ranar da aka haife shi, ya nemi a ba shi wuri ya kai ƙararsa gaban Allah. Abokansa uku suka yi kwana bakwai zaune da shi ba magana, irin zaman makokinmu, kuma iyakar abin kirkin da suka yi ke nan. Da suka buɗe baki suna bayyana mishi dalilin wahalarsa, su Allah ya tsawata wa a ƙarshe. Shi Ayuba har littafin ya ƙare ba a gaya mishi don me ba.

Wurin da ya fi riƙe ni yana Markus sura 15. Da Helenanci aka rubuta littafin, amma da aka zo kan kukan Yesu bisa gicciye, marubucin ya bar shi cikin Aramiyanci, harshen da Yesu ya tashi da shi, sannan ya fassara. Tambaya ce. Kalmar tambayar gaɓa biyu gare ta: ta farko tana nufin "don", ta biyu "ma", wato "me". Aramiyanci da Hausa dangi ne na nesa, kunnena kuma yana jin kamar. Wanda nake bi ya yi tambayar gwaggo, da harshen uwarsa, a bainar jama'a, kuma ran nan ba a amsa mishi ba. Masu rubutu suna iya share wurin don kunya, ba su share ba. Da addinina ya ce mini yana da amsar kowane kabarin yaro a Damargu, da tuni na tattara na bar shi. Abin da na samu shi ne izinin yin tambayar a cikin gida, ba sai na fita waje ba.

Sai dai ina tsoron abu guda: mu ɗauki tambayar da ke da amsa mu tura ta sama. Wa ya ɓoye hatsi har ya yi tsada, wa ya ba yaro ashana, waɗannan ba asirin Allah ba ne, suna da suna da unguwa. Shugabannin majami'u sun ce sun yafe, na yarda da su, amma yafewa ba ta hana a tambaya.

Gwaggo ta sayi wani keke, tsoho, da bashi. In aka tuna mata sai ta ce "Allah ya isa". Hutun bara na tambaye ta, "Gwaggo, wanne kike nufi? Kin bar su da Allah ya saka miki, ko kuwa Allah ya ishe ki?" Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce, "Kai da karatunka. Zo ka sa mini zaren nan, idona ba ya gani."