Tsamin ƙasa da tokar murhu

Ƙasar Daura jigawa ce, rairayi ya fi yawa, ba ta riƙe ruwa, ba ta riƙe taki. Idan aka yi shekaru ana zuba mata yuriya babu takin gargajiya, sai ta fara tsami a hankali. Tumatir ya tsaya cak, gyaɗa ta yi kwanso ba ƙwaya, mai lambu kuma ya ƙara buhun taki, alhali ba yunwa ce ke damun shukar ba.

Don rage tsamin, malaman gona kan ce a zuba garin dutsen farar ƙasa, irin dutsen da ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato don yin siminti. Shi ne mai aiki sannu, ba ya ƙona saiwa. Farar ƙasar da aka gasa a wuta kuwa, ta magina, zafi gare ta, a rairayi kaɗan ma ya yi yawa. Kanwa kada ma a fara, gishirinta kashe ƙasa yake yi.

Ni dai hankalina ya fi kwanciya da tokar itace. A lambunan rani na wajen dam ɗin Sabke za ka ga ana barbaɗa ta da hannu, siriri, a kan kunya, makonni kafin dashe, sannan a bi da fartanya. Tana rage tsami, tana ƙara sinadarin fotash. Sai dai ba a haɗa ta da yuriya rana ɗaya, ƙarfin takin iska yake bi. Kuma gara a auna ƙasar tukuna: idan ma'aunin tsami ya nuna 6 zuwa 6.5, a ƙyale ta haka.