Daga Kademi Zuwa Dala: Yini Guda a Cikin Badala

Mutumin Kademi ya san Kano, amma sanin buƙata. Ya san Kantin Kwari idan aure ya taso, ya san Dawanau idan kaka ta yi, ya san ƙofar Asibitin Murtala idan ciwo ya fi ƙarfin na gida. Ta Mariri yake shiga, ta Mariri yake fita, idonsa na kan agogo don kada motar Wudil ta ƙarshe ta bar shi. Ka tambayi dattijon da ya shekara arba'in yana wannan zirga-zirga ko ya taɓa hawa Dutsen Dala, zai dube ka da mamaki, ya ce me ake sayarwa a can?

Ɗalibaina na jami'a ma ba su tsira ba. Da yawansu suna iya nuna maka hotunan Rum da Benis, birnin nan na Italiya da ke zaune a kan ruwa, a cikin wayoyinsu, alhali ba su taɓa shiga Gidan Makama ba, kuma kullum ta gefensa suke wucewa. A can Italiya, masu zuwa kallon yini guda sun yi yawan da hukumomin Benis suka fara karɓar Yuro 5 daga hannunsu a wasu ranaku tun watan Afrilun 2024, domin a rage cunkoso. Su damuwarsu baƙi sun yi yawa. Mu tamu damuwar ita ce 'yan gida ma ba sa zuwa, abin kallon kuwa yana raguwa kowace damina.

Ana iya ganin tsohon birnin Kano a yini guda, bisa sharaɗi biyu: a taka da ƙafa, kuma a fara daga inda garin ya fara. Haka na yi da 'ya'yan yayana biyu a hutun watan Disamba. Mun bar Kademi bayan sallar asuba, muka haye gadar Wudil gari na wayewa, kafin hantsi ya ɗaga adaidaita sahu ta sauke mu a gindin Dala.

Hawan ba shi da wuya, domin akwai matakala, sai dai mai shekaru irin nawa zai tsaya sau ɗaya ko biyu ya yi kamar yana kallon gari. Daga sama, idan hazo bai yi kauri ba, Goron Dutse na tsaye daga yamma, koriyar ƙubbar babban masallaci da hasumiyoyinsa na can kudu maso gabas, sauran kuwa rufin kwano ne iya ganin ido. Ƙasar dutsen ja ce, kuma wannan jan shi ne mafarin labarin. Tama ce. Masu binciken kufai sun samu alamun narkar da ƙarfe a nan da suka kai ƙarni na 7 na Miladiyya, wato ƙarnin Hijira. Labarin baka kuma ya ce maƙera ne daga Gaya suka zo neman tama suka zauna a gindin dutsen, su ne Abagayawa, kuma daga sunan jagoransu, Kano, garin ya samo suna. Ba a iya tabbatar da sunan mutum guda bayan shekaru sama da dubu, amma jan dutsen da tsofaffin matoyan ƙarfe sun goyi bayan ƙashin labarin.

Ƙaramin yaron ya ce, "Baffa, ke nan mu ne muka kafa Kano?" Na ce masa ya rage murya, muna cikin mutane.

Amma tambayarsa ba ta banza ba ce. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ambaci Gaya fiye da sau ɗaya. Ya kawo zuwan Sarkin Gaya Agalfati a zamanin Sarki Yakubu, mahaifin Rumfa. Ya kawo tawayen Sarkin Gaya Farin Dutse a zamanin Dadi, sannan ya nuna yadda Gayawa suka yi ƙarfi a fada lokacin Muhammadu Sharefa (1703–1731), wanda mahaifiyarsa 'yar Gaya ce. Wannan littafin dai shi ne ya ba mu labarin Barbushe da Tsumburbura a kan wannan dutse, da zuwan Bagauda a wajajen shekarar 999. Yaron Gaya ko na Ajingi da ya tsaya a kan Dala ba baƙo ba ne, ya zo duba gandun kakanni. Abin da ke ɓata rai shi ne gidaje sun hau gindin dutsen ta kowane ɓangare, zaizaya na cin gefensa, shara kuma ta samu wurin zama a inda ya kamata a ce akwai allo mai bayanin tarihi da Hausa.

Daga Dala muka gangara ta lunguna zuwa Kasuwar Kurmi. A wannan tafiya sunayen unguwanni kawai ya isa darasi. Dandalin Turawa ba ta Nasara ba ce, ta Larabawan Tarabulus da Gadamus ce, domin su ake kira Turawa kafin zuwan 'yan mulkin mallaka. Agadasawa, Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Ayagi: kowane suna ya faɗi inda mutanensa suka fito. Sai kuma Alfindiki, wadda sunanta ya fito daga kalmar Larabci funduƙ, masaukin fatake. Ita wannan kalma ce ta haye Bahar Rum ta zama fondako a bakin mutanen Benis, inda har yau akwai tsohon masaukin fataken Jamus mai wannan suna. Kalma ɗaya, sana'a ɗaya, a gaɓoɓi biyu na hanya ɗaya.

Dangantakar ba ta tsaya a kalma ba. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, kuma cikin hajar da ya lissafa a Kurmi akwai duwatsun wuya daga Benis. Takardar da malamanmu suka rubuta Alƙur'ani da littattafan fiƙihu a kanta a ƙarni na 19, da yawanta daga masana'antun arewacin Italiya ta fito, ta biyo ta Tarabulus da Masar a kan raƙuma. Wanda ya gaji tsohon kundi a gidansu ya ɗaga warƙa guda a hasken rana, mai yiwuwa ya ga tambarin jinjirin wata uku a jikinta. Tun kafin haka, Alhassan al-Wazzan, wanda Turawa suka sani da Leo Africanus, ya kammala littafinsa a Rum a 1526, aka buga shi a Benis a 1550, da bayanin Kano a ciki. A ƙarshen wannan ƙarni wani marubucin Italiya mai suna Anania, da ya tattara labarinsa daga bakin fatake, ya jera Kano da Fas da Alƙahira a matsayin manyan biranen Afirka uku. Ashe garin da ɗalibaina ke sha'awa a waya ya san da zamanmu shekaru fiye da ɗari huɗu da suka wuce.

Kurmi ta yau ba ita ce cibiyar kasuwancin Kano ba. Kwari da Sabon Gari da Singa sun ɗauke wannan. Abin da ya rage mata shi ne abin da ba a samu a wani wuri cikin sauƙi: sirdi da linzami da likkafa a wajen masu kayan doki, alluna da tawada da gafaka, turaren wuta, kanwa, saƙi, hulunan zanna, faifai da ƙorai. Layukanta ƙunci ne da su, mutum biyu ba sa jerawa sai da dabara. Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) ne ya kafa ta, kuma ta ga kwanaki iri-iri. A zamanin Kumbari (1731–1743) haraji ya yi mata nauyin da Larabawa suka kwashe kayansu suka koma Katsina, abin da ya kamata masu tsara haraji na yau su riƙa tunawa. A nan kuma aka yi cinikin bayi har zuwa farkon ƙarni na 20. Na gaya wa yaran wannan ma, domin tarihin da aka tace bai da amfani ga kowa. Muka ci gurasa bandashe a bakin Jakara, ita ma gadon Larabawa ce.

Azahar ta same mu a babban masallacin Juma'a. Ginin da ake gani yanzu na farkon shekarun 1950 ne, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, ya maye gurbin na ƙasa mai doguwar hasumiya da ake gani a tsofaffin hotuna. Gidan Rumfa kuwa gidan zama ne, ba gidan kallo ba, don haka baƙo zai wadatu da tsayawa a filin Ƙofar Kudu ya ga dogarai da jajayen rigunansu.

Gidan Makama, wanda ke dab da fada, shi ne wurin da zan ce kada a yi gaggawa. Tun zamanin Rumfa aka kafa shi, yanzu kuma gidan adana kayan tarihi ne a hannun hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari na ƙarfe, da sulke da lifidi, da hotunan Kano na farkon zuwan Turawa. Amma abin kallo na gaskiya shi ne ginin kansa. Mun shigo daga rana mai zafi, muka tarar da zaure mai sanyi kamar an yayyafa ruwa, babu fanka babu na'ura. Tubali ne da azara da kaurin bango, da bakan gizo da magina suka ɗaura ya riƙe rufi ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba. Babban yaron, wanda ke son karatun injiniya, ya daɗe yana ɗaga kai. A ƙauyukanmu yanzu duk wanda ya samu kuɗi sai ya rushe soron ubansa ya ɗora bulo da kwano, ya kwana yana fifita a watan Afrilu, yana ganin ya ci gaba. Ban ce a koma ginin ƙasa gaba ɗaya ba, domin yaɓe duk shekara aiki ne mai tsada. Na ce dai akwai ilimi a wannan rufin da bai kamata ya bi masu shi kabari ba.

Bayan la'asar muka isa marinar Ƙofar Mata, wadda ake lissafa kafuwarta daga 1498. Rijiyoyin rini ne jere a ƙasa, amma waɗanda ke aiki ba su kai waɗanda aka bari ba. Wani dattijo, hannuwansa shuɗi har gwiwar hannu, yana tsoma ƙyalle yana ɗagawa. Ya nuna mana yadda yake fitowa kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi a gaban idonmu.

Na ce, "Baba, kwana nawa baba ke yi kafin ya nuna?"

Ya ce, "Malam, ya danganta da zafin gari da kyawun toka. Ba a yi masa dole."

Barth ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke saƙawa ta rina ta fitar a shekara sun kai na wuri miliyan 300, suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Yau atamfar waje da rinin kanti sun cinye kasuwar, waɗanda suka rage kuma rabin cinikinsu na baƙi ne masu ɗaukar hoto. Idan baƙin suka ɗauke ƙafa, kamar yadda suka yi shekarun da tsaro ya taɓarɓare, rijiyoyi ne ke ƙara mutuwa.

Na bar ganuwa a ƙarshe domin ita ce ta fi ciwo. Sarki Gijimasu (1095–1134) ne ya fara ta, ɗansa Tsaraki ya kammala, Rumfa da Muhammadu Nazaki suka faɗaɗa. Lokacin da sojojin Ingila suka ci garin ranar 3 ga Fabrairu, 1903, Sarki Alu yana Sakkwato, rahoton Lugga ya ce tsayinta ya kai ƙafa 30 zuwa 50, kaurin gindinta kimanin ƙafa 40. Mun hau adaidaita daga Ƙofar Nassarawa muka bi titin Jami'ar Bayero, ta Ɗan Agundi da Na'isa da Gadon Ƙaya har Kabuga, ƙofar da Turawan suka shiga ta cikinta. A wasu wurare badala na nan kamar tudun da ruwa ya lashe. A wasu an yanke ta an yi shaguna da wurin wankin mota. A wasu kuwa sai an rantse maka kafin ka yarda an taɓa yin bango. Tsohuwar Ƙofar Na'isa an rushe ta a 2010 domin faɗaɗa titi, aka gina sabuwa da siminti. Kududdufan da aka haƙa ƙasar ginin daga cikinsu, waɗanda ke shanye ruwan sama, an cike da yawansu an yi filaye, sannan a zo ana mamakin ambaliya.

Tun 2007 ganuwar ke cikin jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO domin a duba yiwuwar sanya su cikin kayan tarihin duniya, kuma har yanzu a jerin jira take. A Italiya akwai wani ƙaramin gari mai suna Lukka, da ganuwarsa mai tsawon kilomita 4 ta daina amfanin yaƙi tun da daɗewa. Ba su rushe ba. Sun dasa itatuwa a kanta, ta zama wurin shan iska da tuƙa keke, kuma ita ce ke jawo musu baƙi. Tamu ta ninka tasu tsawo, ta kuma girme ta da ɗaruruwan shekaru. Bambancin shi ne tasu ta jan bulo ce, tamu ta ƙasa, wadda ke rayuwa muddin ana yi mata yaɓe. A da aikin gayya ne, unguwanni da garuruwa kowa da ɓangarensa. Ranar da aka daina gayyar aka fara rushewar, tun kafin masu awon fili su iso.

Ba na jiran a gyara badala kafin yaranmu su gan ta. Makarantun sakandaren Gaya da Ajingi na iya yin wannan tafiya da motar haya guda da malamin tarihi guda, a tashi da asuba a kwana a gida. Mu ba mu samu zuwa Gidan Ɗan Hausa ba, inda Hanns Vischer ya zauna lokacin da ya buɗe makarantar boko a Nassarawa a 1909, haka ma masallacin Madabo na Wangarawa da unguwar Sharifai ta zuriyar Shehu Maghili. Magariba ta kawo jiki muna Kabuga, ga garin gaba ɗaya a tsakaninmu da tashar motar Wudil.