Haƙorin Yaro Tun Yana Ɗanye Ake Gyara Shi

Kakanninmu sun biyo layin dogo daga Kano, wanda ya iso Nguru a 1930, suka zauna cikin Barebari da Badawa da kasuwancinsu da al'adunsu. A cikin abin da muka gada har da cewa haƙorin yaro ba abin damuwa ba ne, ai zai yi famfara. Yau a nan nake so mu tsaya.

Ina da ƙanwa 'yar shekara 8 wadda ta daɗe tana tsotsar yatsa, har haƙoranta na sama suka turo gaba. Yara suna tsokanarta a islamiyya, yanzu ko dariya za ta yi sai ta ja hijabi ta rufe baki. Abin yana damuna, domin haƙori irin wannan shi ya fi saurin karyewa idan yaro ya faɗi.

Haƙoran nono 20 ne, kowanne yana riƙe wa na dindindin gurbinsa. Idan alewa ta cinye shi aka cire tun lokaci bai yi ba, sai na kusa su matso, sabon ya rasa wuri ya fito a karkace. Mu 'ya'yan masu shago mun san yadda alewa da cingam ke tafiya a hannun yara. Ƙungiyar likitocin daidaita haƙora ta Amurka tana ba da shawarar a duba yaro kafin ya wuce shekara 7, lokacin muƙamuƙi bai gama girma ba.

Dubawa ba ta nufin dole a sa masa waya a baki. Yawanci likita zai ce a jira ne. Wushiryar da muke yabo ma, a wurin yara sau da yawa takan rufe da kanta idan fiƙoƙi suka fito wajen shekara 11 ko 12. Amma idan haƙoran ƙasa suka sha gaban na sama, wannan ba na jira ba ne.

Na san kuɗin mota zuwa Kano ko Maiduguri ba wasa ba ne. A fara da likitan haƙori na kusa, shi zai faɗa idan sai an je asibitin koyarwa. Mun shawo kan Baba, bayan cin kasuwar Talata za mu kai ta. Allah Ya raya mana zuri'a, amin.