Gadarif: Jami'a a Tsakiyar Gonakin Dawa da Riɗi

Duk wanda ya tashi a gidan da aka taɓa yin alhajin ƙasa, da wuya a ce bai ji sunan Gadarif a bakin tsofaffi ba. Gari ne a gabashin Sudan, kimanin kilomita 410 daga Khartum, kusa da iyakar Habasha. A da ana kiransa Kasuwar Abu Sin, da sunan gidan sarautar Larabawan Shukuriyya. Yana cikin zangon da masu tafiya Makka da ƙafa suke yada buzu, su yi ƙodago a gonaki shekara ɗaya ko biyu, su tara guzurin ƙetare Bahar Maliya ta Sawakin. Da yawansu guzurin bai cika ba har suka yi aure suka hayayyafa. Wasu sun je sun sauke farali, da suka juyo sai ƙasar ta riƙe su. Ayarin ya ƙara kauri bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Jikokin waɗannan bayin Allah su ne Hausawa da Fulanin da ake samu a Gadarif da ƙauyukan bakin kogin Rahad da na Atbara.

Abin da ya kai mu can a watan Nuwamba na 2022 neman makaranta ne. Ɗan ƙanenmu ya gama sakandaren Faransanci da Larabci a Maraɗi, ya sami bakaloriya, ya kuma kafe a kan ilmin noma yake so, da Larabci. Mafi yawan ƴaƴanmu da ke zuwa Sudan a lokacin Jami'ar Afirka ta Duniya da ke Khartum suke nufa. Shi kuwa ya ce wanda zai koyi noma gara ya je inda noman yake. Muka ga maganar tana da kai, muka ce to, a je a gani da ido kafin a sayar da saniya a biya kuɗi.

Daga Khartum babbar mota muka shiga da sassafe. Hanyar ta bi ta Wad Madani, ta haye Shuɗin Nilu, ta wuce duwatsun Fawu, daga nan sai fili fetal, dawa ta rufe ƙasa hagu da dama har inda ido ya gaza. Mu da muka saba da gonar da mutum zai kewaye kafin hantsi, sai muka yi tsit. A nan da faddan ake awo, faddan ɗaya kuwa bai kai rabin hekta ba, amma manomi guda yana iya riƙe faddan dubu ko fiye. Wannan noma na tarakta da ruwan sama ya faro ne a tsakiyar shekarun 1940 a Gadambaliya, yamma da garin, lokacin da Turawa ke neman hatsin ciyar da sojojinsu na Yaƙin Duniya na Biyu. A 1968 gwamnati ta kafa hukuma ta musamman mai raba filayen. Tun daga nan Gadarif ta zama rumbun Sudan: dawa, riɗi, gero, auduga da ƙaro. Babban rumbun siminti da aka gina a shekarun 1960 shi ne abu na farko da baƙo yake hangowa kafin ya shiga gari.

Mai masaukinmu dattijo ne wanda kakansa ya fito daga ƙasar Damagaram. Hausarsa garau take, sai dai Larabci ya yi mata ado nan da can, ƙirga kuɗi kuwa da Larabci yake yi. Gidansa, kamar gidaje da yawa na garin, ɗakunan ciyawa ne masu tsinin kai, waɗanda suke kira guɗɗiyya, a cikin danga. Muka ɗauka rashi ne, sai ya nuna mana bangon wani maƙwabci na bulo da ya tsage daga sama har ƙasa. Ƙasar Gadarif baƙar laka ce: da damina ta kumbura ta riƙe ƙafa da tayar mota, da rani ta dare har hannu ya shiga. Ita ce ke ba da dawa, ita ce kuma ke karya gini. Da dare aka kawo mana agashe, wato tsirenmu na gida da ƙuli-ƙuli da yaji, wanda ya zama abincin Sudan duka da sunansa na Hausa. Dattijon ya dubi yaron ya ce: “Ɗana, in karatu ka zo, ga ɗaki. Amma ka fara ganin makarantar, ka kuma tambayi yaran da ke cikinta, kada ka tsaya ga masu ofis kawai.”

Jami'ar Gadarif ƴar shekarun 1990 ce. A farkon waɗannan shekaru gwamnatin Sudan ta yi abin da ta kira juyin ilmi mai zurfi: ta buɗe jami'o'i a jihohi, ta yawaita ɗalibai, ta kuma mayar da harshen koyarwa Larabci a maimakon Ingilishi. Aka kafa Jami'ar Gabas, sannan a 1994 aka raba ta uku, Kasala da Bahar Maliya da Gadarif kowace ta sami tata. Ilmin noma da muhalli shi ne tushen ta Gadarif, kuma haka ya kamata. Daga baya aka sami tsangayoyin likitanci, tarbiyya, tattalin arziki, shari'a da doka, kwamfuta, da likitancin dabbobi. Wanda ya san harabar Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru kada ya zo da wannan hoton a ransa. Gine-ginen nan matsakaita ne, sassan ba su taru a fili guda ba, raksha ce ke kai mutum daga wannan zuwa wancan, wato adaidaitarmu. Inuwar dogon yaro ita ce zauren ɗalibai, a ƙarƙashinta kuma mata masu shayi suke kafa murhu da kujeru.

A nan muka fi daɗewa, domin a nan aka fi faɗa mana gaskiya. Muka sayi shayi da jabana, gahawarsu mai citta, muka zauna. Ba a jima ba wasu samari biyu suka ji muna Hausa suka matso. Ɗaya daga ƙauyen bakin Rahad yake, yana karanta noma. Ɗan ƙanenmu ya tambaye shi abin da suke koyo, shi kuma ya fara da ƙuduji. Ashe ciyawar nan mai jan fure da ke shanye gero a Maraɗi ita ce babbar abokiyar gabar dawa a Gadarif, buda suke ce mata. Dalilin yaɗuwarta kuwa a fili yake: shekara da shekaru ana shuka dawa a kan dawa, ba hutu, ba canji, taki kaɗan, ana dogara ga faɗin fili a madadin kula da shi. Da ƙasa ta gaji sai a sare daji a ƙara gaba, har aka cinye burtalin makiyaya, rigimar manomi da makiyayi ta biyo baya kamar yadda muka sani a gida. Ya lissafa mana irin dawar da ake shukawa, Wad Ahmad da Arfa Gadamak da feterita, ya yi bayanin riɗi, wanda in ya nuna aka yi jinkirin ƴan kwanaki sai kwanson ya buɗe ƙwayar ta zube ƙasa. Shi ya sa a watan Oktoba dubban ƴan ƙodago, da yawansu daga Habasha, suke kwararowa da lauje, don tarakta tana huɗa tana shuka, amma yankan riɗi har yanzu hannu ya fi yi. Muka lura yaronmu ya ciro takarda yana rubutu, abin da ba mu taɓa ganin ya yi don kansa ba.

Wani abu da ya ja hankalinmu mu manya shi ne yadda ake ba manoma jari. Tun shekarun 1990 bankunan Sudan suke amfani da cinikin salam: banki ya biya kuɗin buhunan dawa tun kafin shuka, manomi ya kawo hatsin da kaka. Bābi ne da muka karanta a littattafan fiƙihu a zaure, sai ga shi a nan yana tafiyar da tarakta. Yana da nasa ciwon, domin in ruwa ya ƙi, ko farashi ya tashi bayan an ƙulla ciniki, manomi ne ke kwana a ciki, kuma an sha tsare manoma saboda bashin. Ɗalibin shari'a ko na tattalin arziki da ke son ganin fiƙihun ciniki yana tafiya da ƙafafunsa, kasuwar amfanin gona ta Gadarif, inda ake gwanjon riɗi, ta ishe shi makaranta.

Saurayi na biyu likitanci yake karantawa, suna koyon aiki a asibitin koyarwa na garin. Shi ya ja mana kunne a kan kala-azar, cutar da wani ɗan ƙaramin ƙwaro mai cizo da dare yake yaɗawa. Ƙwaron yana son dajin dushe da aduwa da tsagogin baƙar laka, saboda haka ƙauyukan Rahad da Atbara suna cikin wuraren da cutar ta fi tsanani a duniya. Zazzaɓi ne mai daɗewa, saifa ta kumbura, mutum ya rame, in ba a yi magani ba yakan kashe. A da allura ce ta kwana 30, daga baya aka haɗa magunguna biyu ta koma kwana 17. Ɗalibin noma da zai riƙa kwana a gona dole ya san wannan, ya riƙe gidan sauro mai ƙananan ido.

A ofishin rajista an karɓe mu da mutunci. Abin da muka fahimta shi ne ɗaukar ɗalibai a Sudan daga tsakiya ake yinsa, ta ma'aikatar ilmi mai zurfi. Mai bakaloriyar waje sai an auna takardarsa da shahadar sakandaren Sudan, baƙo kuma da dala ake yanka masa kuɗin makaranta. Ɗakunan kwanan ɗalibai wata hukuma ce ta ƙasa ke riƙe da su, ba jami'a ba. Iyayen da ke tunanin tura ƴa mace su fara binciken wannan kafin komai. Larabcin aji ba zai gagari ɗan makarantar Faransanci da Larabci ba, amma na kasuwa da na raksha wani abu ne dabam, sai an zauna. Littattafan kimiyya da yawa kuma da Ingilishi suke, Faransancin da yaronmu ke taƙama da shi bai da kasuwa a nan.

Abu biyu suka sa muka dawo masauki jiki a sanyaye. Na farko ruwa. Gadarif gari ne mai ƙishirwa tun fil azal. Daga Shuwak a bakin Atbara ake turo masa ruwa, kuma ko bayan kammala madatsun Atbara da Setit a wajajen 2017, mun tarar da amalanken jaki suna yawo da tanki ana saye. Na biyu, wanda ya fi nauyi, shi ne lokaci. Jami'o'in Sudan sun rufe watanni a juyin 2019 da ya kawar da Umar al-Bashir, suka sake rufewa saboda korona a 2020, sannan juyin mulkin Oktoba na 2021 ya ƙara dagula lissafi. Samarin nan biyu kowannensu ya riga ya yi asarar fiye da shekara. Uban da ya yi lissafin shekara biyar ya tanadi na bakwai.

Akwai kuma maganar da mai masaukinmu bai yi ba sai da dare ya raba. Bahaushen Sudan, ko kakan kakansa a can aka haife shi, yakan ji an tuna masa cewa daga yamma ya zo. A Oktoba na 2008 Hausawan Gadarif da Kasala sun fito zanga-zanga saboda wata magana da wata jarida ta jingina wa al-Bashir a kan zamansu ƴan ƙasa, har aka zubar da jini, ko da yake an musanta maganar. A Yuli da Oktoba na 2022, watanni kaɗan kafin zuwanmu, rikicin ƙasa da sarauta a jihar Shuɗin Nilu ya ci ɗaruruwan rayuka, Hausawa da yawa a ciki. Dattijon ya ce shi ya sa yake matsa wa jikokinsa su shiga jami'a, maza da mata, domin kakanninsu sun tsaya ga allo da gona da su a kogi, aka yi rabon ofisoshi ba su nan.

Mun baro Gadarif da niyyar yaron ya koma a shekara mai zuwa. Allah bai nufa ba. Ran 15 ga Afrilu na 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum tsakanin sojoji da dakarun RSF. Jami'o'i suka rufe, aka kwaso ɗaliban Najeriya da na Nijar da sauran ƙasashe, wasu ta iyakar Masar, wasu ta Bur Sudan, wasu ta Gallabat zuwa Habasha, wato ta cikin Gadarif ɗin nan. A Disamba na 2023 Wad Madani ta faɗi, hanyar da muka bi ta yanke, jama'a suka kwararo Gadarif dubu bisa dubu, aka sauke su a makarantu da tashoshin mota, kwalara kuma ta shiga tsakaninsu a 2023 da 2024. Jihar dama tana ɗauke da ƴan gudun hijirar Tigray da suka shigo tun Nuwamba na 2020, a sansanin Um Rakuba da na Tunaidba. Garin kansa bai fita hannun sojoji ba, har wasu jami'o'in da yaƙi ya kora suka riƙa yi wa ɗalibansu jarrabawa a can. Sojoji sun karɓe Wad Madani a Janairu na 2025, suka karɓe tsakiyar Khartum a watan Maris.

Ɗan ƙanenmu ya shiga tsangayar noma ta Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a nan Maraɗi, kuma ƙuduji ya zaɓa ya yi bincike a kansa. Saurayin nan na bakin Rahad yakan turo masa hotunan gonaki ta WhatsApp in intanet ta samu. Ɗakin ciyawar da dattijo ya yi masa alkawari kuwa, wata mata daga Wad Madani ce ta zauna a ciki da ƴaƴanta huɗu, daga Disamba na 2023 har bayan sallar layya ta 2025.